Lamba Shida a Ƙofar Kakana

Ɗakuna goma sha ɗaya gare ni a Tavira,
da tsakar gida, da itacen lemun tsami da ya girme ni.
Shekara ashirin da shida Amílcar yana riƙe min dare.
Ranar Talata ya zube makullai a kan kanta, ya ce,
"Graciete, gwiwa ta ƙi."
Ban ce uffan ba. Na zuba masa gahawa.

Benedita, 'yata, ta bugo daga Lisbon:
"Mama, an daina zaman jiran baƙo.
Manhaja ake sawa. Mutum ya ɗauki hoton fasfonsa,
ya biya ta waya, a turo masa lamba,
ya danna, ƙofa ta buɗe, ke kina barci."
Barci.
Ta faɗe shi kamar sunan wani gari
da na daɗe ban je ba.

Kamfani uku suka neme ni.
Na farko yaro ne mai farin takalmi, baki kamar an shafa zuma.
Tasa ta iya harshe arba'in,
amma kowane gado sai ta yanki kamashonta,
ko da ƙanena ne ya kwana.
Na biyu ba su tako ba, ta allo muka gana.
Araha, in ji su.
Na ce, in intanet ya ɗauke fa,
irin daren da iskar teku ke kaɗa tagogi?
Hoton fasfon mutane kuma, a ina yake kwana?
Mutumin ya yi tsit
har na ɗauka hotonsa ne ya daskare.

Ta uku Zulmira ce daga Olhão,
da akwatin ƙarfe a hannu.
Ba ta buɗe kwamfuta ba sai da ta durƙusa
ta shafa ƙofar kakana,
ta ce gishiri ya kumbura katakon, sai an fere.
Cikin su uku, ita kaɗai ta taɓa ƙofar.
Kuɗinta wata-wata ne, in na gaji in tafi.
Lamba tana aiki ko babu intanet.
Tsada kam, akwai.

Na ce to, a gwada da wanda ya fi kowa ƙin abin.
Ƙarfe biyun dare Amílcar ya tsaya a titi
da tsohuwar jakarsa, ba tabarau,
yatsu kamar saiwar ɓaure.
Ya danna, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi.
Can ƙasan lambobin akwai wani ɗan maɓalli,
an rubuta: Kira mutum.
Waya ta yi ƙara a gefen matashina.
"Baiwar Allah," ya ce, yana danne dariya,
"ko akwai ɗaki?"

Don wannan maɓallin na sa hannu.
Wata uku, na gwaji.

Na san abin da ba za ta sani ba.
Ba ta san Ingunn, da ke zuwa kowane Mayu,
ɗaki na bakwai take so, inda ake hango shamuwa a kan hasumiya,
tun shekarar da ta fara zuwa ita kaɗai.
Ba ta gane wanda ya sauko daga jirgi da yunwa.
Wannan ya rage nawa.
Na bar fitila ɗaya, da faranti:
burodi, zaitun, ɓaure uku.

Daren farko idona biyu.
Na ji ƙarar lamba, ɗaya bayan ɗaya, har shida.
Ƙofa ta yi kukanta na kullum.
Tayoyin akwati a kan daɓe,
suka wuce kanta, suka tsaya,
suka dawo baya.

Sai ƙarar faranti.

Da safe Amílcar ya same ni ban tashi ba.
Ya ce gahawa kawai ya zo sha.