Dangin Zayyana

Baƙon ya iso Maiwurno bayan la'asar,
ƙurar motar Sinnar har kan girarsa.
Ustaz Bashari, in ji shi, daga Hartum,
mai bin salsalar ado a tsofaffin littattafai
kamar makiyayi a sawun ɓatacciyar karsana.

Na yi alwala, na sauko da gafakar kakanmu,
na kwance igiyar tadarishi.
Ƙamshin jima da tsohuwar tawada suka tashi tare.
Warƙa-warƙa ne, ba ɗinki, ba lamba,
sai kalma guda a gindin kowane shafi
tana riƙe da hannun na gabanta.

Ya ɗaga takarda ɗaya ga hasken ƙofa:
jinjirin wata uku a jere cikin jikinta.
"Wannan ta sha teku kafin ta sha tawada."
Sai ya baje hotunansa a tabarma.
"Dubi alamar izifinku, dubi wannan.
A Alƙahira aka yi ta da ruwan zinariya,
shekara ɗari bakwai, ko da ɗoriya.
Naku ba su da zinariya, suka dama rawaya.
Wannan ƙulli mai shiga kansa ya fita,
da kuke kira dagi,
na gan shi a Andalus siriri kamar gashi,
ya kwana Fas, ya yi ƙiba a Barno."

Na yi shiru. Ashe abin da nake sumbata tun ina yaro
yana da kawunnai a garuruwan da ban taɓa takawa ba.

Haka muka yi ta yi, shi da tabaron ƙara gani,
ni da yatsa a gefen shafi,
kowane kuri da uwarsa, kowace kumsa da kakarta,
har muka kai bakin Maryama,
inda littafin ya rabu biyu.
Nan zayyana ta cika shafi:
zobe cikin zobe, ja, baƙi, ja,
haƙora ƙanana suna bin juna,
sannan a zobe na biyar, ba dalili,
ja ya yanke, kore ya ɗora.

Ya juya hotuna har ya ƙure su.
Ba Misira, ba Magariba, ba Yaman.
Magariba ta kusa, shi bai sani ba.
"Wannan marainiya ce," ya ce. "Ba ta da dangi."

Goggo Yalwa na gefe da jabanar gahawa.
Idonta ɗaya ya tafi, ɗayan na sallama.
Ta ce a matso mata.
Ta kai shafin dab da hancinta,
ta daɗe,
sai dariya ta kama ta har da tari.

"Faifan Inna ne.
Damina ta tsare su a Jinaina a hanyar gabas,
wata huɗu a bukka guda.
Baffa na rubutu, ba littafin da zai duba,
sai abin da ke rufe da ƙwaryar furarsa.
Jar kaba ta ƙare mata a nan,
ta ari kore wurin wata Bamasalita.
Shi ko, bawan Allah, har ƙarewar ya kwafa."

Ustaz ya buɗe kundinsa.
Akwai gurbin birni, akwai gurbin ƙarni,
akwai na sunan marubuci.
Alƙalaminsa ya yi ta shawagi kamar shirwa.
"Yaya sunanta?"
"Habi. Ba ta san alif ba."

Ya rubuta a gefe, inda malamai ke sa gyara.

Aka kira salla daga wajen kogi.
Na mayar da Maryama tsakanin 'yan'uwanta,
na ɗaure igiya.
Goggo ta jawo faifanta ta rufe sukari,
don ƙudaje.