Sanda Mai Leɓen Roba

A Idumota na gan ta jingine da bango,
doguwa, a zuƙe ta ta gajarta, a ja ta ta miƙe,
a kanta leɓen roba, baƙi, siriri,
a bayansa soso mai laushin gashin ɗan rago.
Uchenna ya ce dubu talatin da takwas.
Na yi dariya. Ya ce, "Aboki, taɓa ka ji."
Na taɓa. Kuskurena ke nan.

Shekara shida ina wanke idanun gidajen Ikoyi
da tsumma, da bokiti, da jaridar bara,
da tsanin da nake ara gun Nomau mai gadi,
matakinsa na bakwai ɗaure da wayar wuta.
Ban taɓa barin taga tana kuka da ni ba.

Da dare a Idi-Araba na baje lissafi a tabarma:
kuɗin ɗaki ne na wata biyu,
takin gonar Baba ne, da ɗinkin sallar Ladidi.
Na kira Asabe. Ta yi shiru, sannan ta ce,
"Sanda? Duk faɗin Legas an rasa gora?"

Nomau ya ce, "Sallau, ka ji tsoron Allah.
Garin nan ba ya barin gilashi ya kwana da tsabta.
Teku ta hura gishiri, janareto ya tofa baƙi,
danfo ya bi da hayaƙi, ruwan sama ya sa hannu.
Ka goge da zinariya ma, jibi ya koma."
Na ce, ai komawar ce abincina.

Ran wata Talata ina hawa na biyu,
iska ta taso daga bakin ruwa ba sallama.
Mataki na bakwai ya ce ƙas.
Na rungume ƙarfen taga kamar ɗan'uwa,
bokiti ya riga ni sauka, na ji yadda ya fashe.
Ta cikin gilashi wani yaro na shan shayi,
ya ɗago mini hannu, yana zaton wasa.
Da na taka ƙasa gwiwoyina suka ƙi ni.
Na zauna kan kwalbati ina tambayar kaina
nawa mai ɗori ke karɓa a Agege,
wa zai aika wa Asabe ko sisi
wata uku ina kwance.

Talatin da huɗu muka ƙare da Uchenna,
ya rantse ya faɗi, na rantse na talauce.

Kada in yi muku ƙarya.
Makon farko zane ta yi ta bari kamar sawun maciji,
sai da hannuna ya koyi lanƙwasarta.
Ba ta shiga lungu, tsumma na nan da matsayinsa.
Wata biyu leɓen ya cinye, sabo dubu uku.
Madam ta gida mai lamba tara ta rage mini ɗari biyar,
wai yanzu sanda ke aikin, ni riƙo kawai nake.
Wuyana ya san ciwon kallon sama.

Amma kafin azahar na gama gida uku,
da can la'asar ke iske ni a na biyu.
Na mayar wa Nomau tsaninsa da goro biyar,
ya jingine shi bayan ɗakin janareto.

Abu ɗaya na rasa, ban sa shi a lissafi ba:
daga can sama ina hango jirage na jiran shiga Apapa,
yanzu sai katanga da ƙeyar motoci.

Jiya Asabe ta sake tambaya,
"To, sandar taka ta mayar da kuɗinta?"
Na ce ban gama ƙirgawa ba tukuna.
Na dubi ƙasa. Ƙafafuna biyu cikin silifas,
jiƙe da ruwan omo,
duka suna nan.