Kwaɗin Tagulla

A ƙauyenmu, kan tudun da ke leƙen kogin Salwin,
ba zakara ke tashin mu ba.
Turmin Pi Nya Ku ne, wanda ake takawa da ƙafa:
dum, sai ya ja numfashi, dum,
shinkafa na tuɓe rigarta cikin duhu.
Daɓen gora na ƙara ƙarƙashin dugadugan inna,
birai a kurmi na jan dogon kira
kamar wanda ayari ya tafi ya bari.

Da kunne muka san ƙasarmu.
Giwar Saw Kler Do ƙararrawar itace gare ta,
ta ɓaunarmu kuwa gora ce, mai siririyar murya.
Ko tsakar dare aka ratsa gona
mun san wanda zai biya ɓarna.
Ran girbi ƙaho ke gaba, mu a baya,
tudu ya karɓa ya miƙa wa tudu.

Kakana Pu Ta Eh yana da tenaku,
mai wuya a tanƙware kamar na zalɓe.
Da tsirkiyarta ta tsinke
wayar birkin babur ya warware ya ɗaura.
Ya ce, bari abin da aka yi don tsayawa
ya koyi tafiya.
Da ita ya nemi kakata,
damina uku yana zama a gindin tsaninta,
ita tana saƙa, wai ba ta ji.

Sai gangar tagulla.
Kwaɗi huɗu a zaune bakin fuskarta,
tauraro a tsakiya, duka ya cinye shi.
Ba a taɓa ta don nishaɗi.
In rani ya yi taurin kai a rataye ta,
Pu ya buga, ƙirjina ya amsa kafin kunnena.

Shekarar da na cika tara
muka koyi wani sauti.
Tsawa daga nesa take gaisuwa,
shi kuwa jirgi ba ya sallama.
Karnuka ne ke fara sani.
Daren da za mu gudu aka haƙa rami bayan rumbu,
aka kifa gangar, aka tura ƙasa.
Pu ya ɗauki tenaku, ya bar bargonsa.
A hanya inna ta cusa tsumma a ƙararrawar ɓauna.
Ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba.

A sansani, hayin ruwa,
janareto ke kwana yana magana,
lasifika na kiran lambar gida, ba sunan mutum ba.
Pu ya kurumce a can.
Yakan kafa haƙori a wuyan tenaku in yana kaɗawa,
wai ta nan waƙa ke shiga yanzu.
A can muka binne shi,
kusa da famfo.

Bana na koma, ni da ɗana Saw Hsa Gay.
Babu rumbu. Ayaba ta cinye gurbin.
Kwana biyu muna haƙa inda ba nan ba,
ran na uku fartanya ta yi tari.

Muka birkito ta, ta yi kore shar,
ɗaya daga kwaɗin ya rasa kai.
Daga cikinta kuma wani ya yi tsalle,
mai rai, jiƙaƙƙe, yana hararar mu
kamar mun shigo masa ɗaki.

Na buga.
Muryarta ta dushe, irin ta wanda ya daɗe bai yi magana ba.
Na sake.
Yaron ya dafe ƙirji, ya dube ni.
Ba a yi ruwa ba ran nan, kada in yi ƙarya.
Amma da magariba fadama ta ɗauka,
kwaɗi dubu, kowa da bakinsa,
muka zauna a ƙasa
ba mu kunna fitila ba.