Bokitan Gidanmu

A Newlyn na tashi, garin masunta,
Inda teku ke lasar duwatsu ba gajiyawa.
Kakana Denzil mai ɗinkin koma ne,
Hannunsa duk kanta, bakinsa duk zance,
Ba ya miƙe magana sai ya yi mata lanƙwasawa.

Ina 'yar shida ya leƙa ta taga,
Ya ce, “Tamsin, yau kuliyoyi da karnuka ke zubowa.”
Na suri kwando, na fita ba takalmi,
Ina fatan kwikwiyo mai farin wuya,
Na dawo sharkaf, kwandona na ɗigar ruwa.
Ya yi dariya har haƙoransa na roba suka motsa:
“Mamakon ruwa ake nufi, 'yar nan,
Zo kusa da murhu kafin mura ta yi kamawa.”

Da ya sayi sabon inji, na ji shi da maƙwabci:
“Ya ci mini hannu da ƙafa, Jago, ba ragawa.”
Da dare na lallaɓa na ɗaga bargonsa,
Hannu biyu, ƙafa biyu, na ƙirga na sake ƙirgawa.
Ashe tsada ce.
Aljihu aka yanka, ba gaɓa ba ce ta yi ciwo.

Ranar wasan makaranta an ba ni tunkiya,
Na sa rigar auduga, gwiwata na kaɗawa.
Ya sunkuyo ya ce, “Je ki, karya ƙafa!”
Na fashe da kuka, kaka ya yi mini baki.
Mama ta share mini fuska tana raɗawa:
“Mutanenmu ba sa kiran sa'a da sunanta,
Kada ta ji, ta juya, ta yi ficewa.”

Haka na yi ta tsintar su kamar wuri a bakin teku.
Zubar da wake, wato tona asiri.
Shuɗin wata, abin da sai an jima yake faruwa,
Kamar wasiƙar kawuna daga Kanada.
In ya ja ƙafarki, zolaya ce,
Ba ki faɗi, sai dai kunya ta yi kayarwa.

Shekarar da na cika tara ya daina zuwa gaɓa.
“Ina ƙarƙashin hadari ne kaɗan,” in ji shi,
Alhali sama fes take, tarin ne ba ya tsayawa.
Baƙi su zo, su sha shayi, su yi zancen farashin kifi,
Ba mai duban kwalaben magani da ke ƙaruwa.
Shi ya kira ni: “Kin ga giwar da ke cikin ɗakin?
Kowa ya gan ta, kowa yana kewayewa.
Na kusa shurin bokiti, Tamsin.”

Na san ma'anar.
Ba 'yar shida ba ce ni, ban buƙaci fassarawa.
Amma da gida ya yi shiru na tashi,
Na kwashe na wanki, na gawayi, na kifi,
Har ɗan ja na wasan yashi ban bari ba,
Na kai su bayan rumfa na rufe da tsohuwar koma.
Kwana tara Mama na wanke bene da tukunya,
Ta san inda suke, ba ta yi tambayawa.

Ran na goma ya tafi da asuba,
Ƙafarsa a miƙe, ba abin da ta yi taɓawa.

Yau na kifin yana ƙofata, na huda gindinsa,
Na cika shi da ƙasa, fure na fitowa.
Jiya ɗana Perran ya ji na ce kuliyoyi na tafe,
Ya ɗau kwando.
Na buɗe baki zan gaya masa,
Sai na buɗe masa ƙofa, na bar shi yana rugawa.