Rawayar Waya

A Gadarif, bayan la'asar,
ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanmu,
na kwance gaban tsohuwar akori-kurar Baba,
na leƙa ramin da rediyo ya bari
shekara goma sha ɗaya.
Gizo-gizo ya yi ɗaki a ciki.
Ƙwayoyin riɗi sun maƙale a lungu, sun yi baƙi.

Sabon na saye shi hannun wani Bahabashe,
a kwali mai rubutun Sin.
Takardar bayani ba ta jin yarena, ban jin nata.
Wayoyi sun zubo daga bayansa kamar jelar saniya,
na cikin mota kuwa duk sun koɗe,
wani makanike da ya riga mu gidan gaskiya
ya naɗe su da salatif,
ya tafi da sirrinsa.

Na cire kan batir, yadda Usta Mirgani ya koya mini:
wuta ba ta san ɗan gida ba.
Baƙa ta ƙasa ce,
na kankare tsatsa, na ɗaure ta jikin ƙarfe.
Ja ta makulli ce,
in an murɗa ta farka, in an zare ta kwanta.
Rawaya na rasa gidanta.
Na juya, na juya, magariba ta kawo jiki,
sai na murɗe ta tare da ja,
na ce ai duk kasuwa ɗaya za su.

Baba yana kan gadon igiya yana kallo.
Ya kira ni da sunan ƙanensa Jibo,
wanda aka binne tun ba a haife ni ba.
Ya ce, an loda riɗin?
Na ce, an loda.
Rabonsa da sitiyari damina shida.

Fiyus na farko ya ƙone, na biyu ya daure.
Lasifika ta yi kaki, ta yi tari,
Larabcin Omdurman ya cika mota.
Na ci gaba da lalube cikin shuu da ƙara
har wata murya ta ɓullo daga yamma,
siririya, tana zuwa tana komawa,
Hausar da kakansa ya taho da ita a ƙafa.
Baba ya tashi zaune.
Ya ce, bar nan.
Na danna maɓalli na ɗaya, na ajiye masa ita.

Da safe na murɗa makulli: shuu.
Agogo ya koma sifili.
Tashar jiya, ko ƙurarta.
Na sake nema, na sake ajiyewa.
Kwana uku kullum sai mun gaisa kamar baƙi.

Usta ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.
Ya ce, rawaya ba ta bin makulli, yaro.
Kai ta batir kai tsaye.
Ita ce ba ta barci.
Mota na kwance, tana tsotsar wuta kaɗan-kaɗan,
abin da bai kai ya ciji harshe ba,
da shi take riƙe jiya har gobe.

Na warware, na ja ta ta bangon inji,
ta yanke ni a yatsa,
na sa mata fiyus nata, na ɗaure.

Asuba ta yi. Na murɗa.
Muryar tana nan inda na bar ta,
agogo bai yi kuskuren minti ba.
Na buɗe ƙofofi duka biyu don Baba ya ji.

Ya saurara, yana kaɗa ƙafa.
Ya dube ni da ladabi, irin wanda ake yi wa baƙo,
ya ce, samari, motar wa ce wannan?

Taki ɗaya na rawayar ya rage.
Yana aljihuna har yanzu.