Faci na Goma Sha Biyu

Shekara ashirin da uku ina nutsa roba cikin ruwa
a bakin titin Nima, bayan mai koko,
ina jiran kumfa ta tona asirin ƙusa.
Iyakar kogina ke nan, rabin duro,
ruwan da ya yi baƙi har ya daina nuna mini fuskata.

Sai ga Ofori da robar cikin taya guda arba'in a bayan mota.
Ya ce jirgi zai tsaya a Tema ranar Laraba,
fari fat, hawa kan hawa,
kamar an tumɓuke unguwa an ɗora wa teku.
Mutanen ciki sun gaji da ruwan gishiri,
suna son na kurmi, na awa biyu kacal,
kafin ƙaho ya kira su cin abincin dare.
Na ce, su biya kuɗi don su zauna cikin taya?
Ya ce, Baba Issaka, kai dai hura.

Na hura. Na lallaɓa kowace da sholisho.
Ya ce in biyo su da famfona, ko za a yi tsautsayi.

Mun bar Accra tana hamma, muka hau tudu,
gonakin koko, jar ƙasa, sai inuwa ta rufe mu ruf.
Ban taɓa ganin rana tana roƙon hanya ba sai ranar.
Baƙi suka shafa mai, suka ɗaura rigar ceto,
kowa ya zaɓi roba mai sheƙi.
Aka bar guda ɗaya a kan yashi,
mai faci goma sha ɗaya, duk aikin hannuna.
Wata tsohuwa mai jar hula ta nuna ta, ta nuna ni.
Ba na jin yarenta, amma na ji.

Rabona da hawa ruwa tun ina ɗan tara,
ran da babbar kwata ta cika ta batse,
ni da yayana Mutawakilu a kan roba ɗaya,
muna wuce kwalabe da takalman mutane.
Dukan da muka sha a daren ya fi tafiyar tsawo.
Shi yanzu yana kwance, ba ya jin ruwan sama.

Na naɗe wando. Na yi bisimilla.
Sanyi ya kama ni ta baya kamar mai bin bashi.

Gora ta sunkuyo tana gulma.
Saiwoyi sun sauko shan ruwa, sun manta komawa.
Wani tsuntsu yana maimaita tambaya ɗaya.
Kogin ya juya ni gabas, ya juya ni yamma,
bai tambaye ni nawa ne ba.

Can sai kunnena ya kama abin da ya sani:
siririn tsaki a ƙarƙashin cinyata ta hagu.
Babu sholisho, famfo yana can kan tudu.
Na laluba, na ɗora babban yatsa, na danne.

Haka na ƙare kogin, hannu ɗaya a ruwa,
ban motsa ba, ban ce uffan ba.
Mai jar hula ta ɗauke ni hoto,
wataƙila ta ce ga mutum ya sami natsuwa.
To, ban ƙaryata ta ba.

Kafin isha jirginsu ya kwashe fitilunsa ya tafi.
Ofori ya ƙirga mini sidi, ya ƙara na kifi.
Robar tana nan rataye a ƙusar shago, ta yamutse,
da yashin kurmi maƙale a bakinta.
Yarona Nuhu ya ce bari ya face ta.
Na ce bar ta tukuna,
akwai mai tasi yana jira.