Tukunya Ta Bakwai

Iri goma sha biyu na shigo da su Ikko,
ƙulle a bakin zanen Goggo Ladingo,
daga can bayan Maigatari, inda rairayi ke cin gona
kamar akuyar da ta tarar da danga a kwance.
Ita ta nuna min gindi ɗayan da ya saura,
ta ce, "Mu dai ƙi-mutu muke ce masa.
Ku 'yan boko sai ku raɗa masa naku."

Biyar ba su fito ba.
Na buɗe littafi na rubuta: ba su fito ba.
Bakwai suka leƙo, suka shaƙi iskar Akoka
mai nauyin jiƙaƙƙen bargo,
shida saiwarsu ta ruɓe kafin wata ya cika.
Abin da ƙishirwa ta kasa kayarwa tun kaka da kakanni,
ƙoshi ya gama da shi a mako uku.

Baba Adisa mai kula da lambu bai yafe min ba.
Na liƙa takarda: kada a ba shi ruwa.
Ya karanta, ya dube ni, ya dubi butarsa,
ya ce a gidansu baƙo ba ya kwana da ƙishi.
Sau biyu na kama shi da asuba yana satar alheri.

Yashi na saya wurin masu buga bulo,
na wanke gishirinsa, na soya shi a kasko
kamar zan zuba gyaɗa.
Ina auna ganye da safe, ina ƙirga gashin bayansa
ta cikin gilashin da ke mai da ƙuma raƙumi.
In an ɗauke wuta, fanka ta tsaya,
ni ce fankar, da murfin kwali, har hannu ya sage.
Inna ta bugo waya: "Shekara huɗu kina gadin ciyawa?"
Na ce eh. Ban sami abin ƙarawa ba.

Ranar da ruwa ya ci ɗakin gwaji
na ɗora tukunyar a ka, leda a samanta,
na ratsa Bariga, ruwa iya cinya.
Wani yaron mota ya leƙo yana dariya:
"Hajiya, zinariya ce?"

Shekarau mai tirelar albasa ya kawo labarin,
muna tsaye tsakanin buhuna, ƙafa cikin taɓo:
Goggo ta rasu da azumi.
Gindin kuwa, tudun yashi ya taka shi ya wuce,
ko alama babu.
Na dawo na zauna gaban tukunya ta bakwai
kamar mai karɓar gaisuwa.

Jiya fure biyu suka buɗe,
rawaya, ko ƙwayar gero ta fi su.
Ƙudan garin nan bai san su ba, ya wuce abinsa.
Sai na zaro tsinken kwallina, na goge shi tas,
na ɗauko ƙurar wannan na kai wa wancan,
numfashina a riƙe.

Baba Adisa na bayana, butarsa a ɓoye.
Ya sunkuya ya daɗe, sannan ya ce, "Ashe."

Takardar rajista na kan tebur,
gurbin suna har yanzu fari.
Na san abin da zan rubuta.
Hannuna ne bai daina rawa ba.